Uba, ɗa da jita: Abin da fina-finan mawaƙa ke tonowa a gidajen kudancin Kaduna

Akwai wata fitowa da ke yawan maimaituwa a fina-finan da ake shiryawa kan rayuwar mawaƙa. Yaro ya ɓoye abin kiɗansa a ƙarƙashin gado ko a saman rufi. Wata rana wani babba a gidan ya gano. Kafin a ankara an fasa jita ko an tsinke tsirkiyarta, gida ya yi tsit, uwa ta tsaya a bakin ƙofa ta rasa bayan wanda za ta bi.

A fim ɗin Coco na 2017, kaka ce ta rotsa jitar jikanta a gaban dangi. A Secret Superstar na Indiya, wanda shi ma ya fito a shekarar, uba ne ya lalata jitar 'yarsa saboda ba ta ci jarrabawa da kyau ba. A wani fim da aka ɗauka a Agadas ta Jamhuriyar Nijar, uba mai riƙo da addini ne ya raba ɗansa da tasa.

Ga matashin da ke Sabon Tasha, Narayi, Kakuri, Barnawa, Television ko Unguwar Romi, wannan fitowa ba baƙuwa ba ce.

Unguwannin da ke kudu da Kogin Kaduna cike suke da masu son waƙa. Akwai ƙananan situdiyo na ɗaki ɗaya, inda kwamfuta da makirfo da janareta suka isa a naɗi waƙa. Akwai majami'u, kusan kowace da ƙungiyar mawaƙa da makaɗanta. Akwai masu kiɗan biki da masu saka faifai a wuraren taro. Da yawa daga cikin yaran da ke shiga waɗannan wurare da rabin izini suke zuwa: uwa ta sani, uba bai sani ba, ko ya sani ya kau da kai yana jiran ranar da abin zai fita daga ran yaron.

Wanda ya kalli irin waɗannan fina-finai da natsuwa zai ga cewa sautin kiɗa shi ne ƙaramin abin da ake faɗa a kai. Abin da ke ƙasa shi ne tsoron da ke zuciyar uba, game da sunan gida, da tsayuwar yaro a gaban Allah, da abin da zai ci gobe.

Daga Sakkwato zuwa Agadas

Fim ɗin Agadas shi ne mafi kusa da ƙasar Hausa a wannan fanni. Ya fito a 2015, sunansa Akounak Tedalat Taha Tazoughai da harshen Abzinawa, wato ruwan sama mai launin shuɗi da ɗan ja a ciki. An ɗora shi ne a kan Purple Rain, fim ɗin mawaƙin Amurka Prince, kuma masu shirya shi sun ce sunan ya yi tsawo ne saboda harshen ba shi da kalma guda ta launin shunayya.

Tauraron fim ɗin shi ne Mahamadou Souleymane, wanda duniya ta sani da Mdou Moctar, ɗan jihar Tahoua, bahagon makaɗin jita. Labarin bai yi nisa da rayuwarsa ba. Ya taso a gidan da ba a yarda da kiɗan jita ba saboda addini, don haka da hannunsa ya ƙera ta farko, da katako da wayar birkin keke.

A Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko mai suna Anar a 2008, da salon waƙoƙin fina-finan Hausa na lokacin, masu muryar da kwamfuta ta gyara. Waƙoƙin ba su bi ta shagunan kaset ba. Daga waya zuwa waya suka yi ta yawo a yankin Sahara, ta Bluetooth da katin memori, har suka faɗa kunnen wani Ba'amurke mai tattara waƙoƙi, Christopher Kirkley na kamfanin Sahel Sounds. Shi ne daga baya ya ba da umarnin fim ɗin. Kamfanin nasa ya kuma fitar da tarin waƙoƙin fina-finan Hausa mai suna Harafin So a 2013.

A cikin fim ɗin, Mdou na yawo a kan babur a titunan Agadas yana neman suna a garin da makaɗan jita suka yi yawa. Yana da abokin hamayya, yana da yarinyar da yake so, sannan a gida yana da uban da ke ganin jita hanyar lalacewa ce.

Abin lura shi ne yadda aka sauya uban. A Purple Rain na 1984, uban makaɗi ne da duniya ta juya wa baya, yana dukan matarsa, daga bisani ya harbi kansa. A Agadas an mayar da shi dattijo mai ibada, wanda a ganinsa ceton ɗansa yake yi. Wannan uban ne mai kallo a Kaduna zai fi ganewa, kuma shi ya fi wuyar yi wa tawaye, domin yaron ya san ba ƙiyayya ce ke magana ba.

Rigimar ta kai shekarun fim mai magana

Fim mai tsawo na farko da aka ji muryar ɗan wasa yana magana a cikinsa shi ne The Jazz Singer na 1927, kuma labarinsa ke nan. Yaro Bayahude a New York, ɗan mai jagorantar waƙoƙin ibada a wurin bautarsu, aka kama yana waƙa a gidan shaƙatawa. Uban ya zane shi, ya gudu daga gida yana ɗan shekara 13, ya sauya suna, ya zama mawaƙi. Bayan shekaru, ranar da za a buɗe babban wasansa ta zo daidai da daren ibada mafi girma a addininsu, ga uban kwance yana jinyar ajali, babu mai tsayawa a madadinsa. Sai ya zaɓa.

Daga nan labarin ya yi ta sauya riga. A Walk the Line na 2005, kan rayuwar Johnny Cash, uban ya ɗora wa ɗansa laifin mutuwar wansa da injin yankan katako ya kashe a 1944, kuma duk ɗaukakar da mawaƙin ya samu ba ta goge wannan tabo ba. A shirin The Jacksons: An American Dream na 1992 an juya abin: uban ne ke tilasta wa 'ya'yansa waƙa da bulala, har ya fitar da Michael Jackson.

Ko ta wace fuska aka zo, tambayar ɗaya ce. Muryar yaro tasa ce ko ta gidan da ya haife shi?

Shata da kalmar roƙo

Bahaushe bai buƙaci Hollywood ta koya masa wannan rigima ba. Babban misalinta shi ne Alhaji Mamman Shata, wanda aka haifa a Musawa a 1923. Mahaifinsa, Ibrahim Yaro, Bafulatani ne, kuma bai so ɗansa ya zama mawaƙi ba, domin a idon mutanen lokacin waƙa roƙo ce. Ɗan gidan mutunci noma ko fatauci ya dace da shi. Shata ya taɓa sayar da goro da alewa kafin waƙar ta rinjaye shi.

Don a fahimci uban, sai an tuna yadda aka tsara sana'o'i a ƙasar Hausa. Sana'a gado ce. Ɗan maƙeri ƙira, ɗan wanzami aska, ɗan makaɗi ganga. Musa Ɗanƙwairo a gidansu ya tarar da kiɗa, babu wanda ya yi mamaki da ya ɗauka. Adamu Ɗanmaraya Jos ma ɗan makaɗin fada ne a Bukuru. Wanda ya shiga sana'ar da ba ta gidansu ba ɗan haye ne, kuma idan sana'ar da ya haye wa ana ganinta ƙasa da ta ubansa, duk dangi ne ke jin an zubar musu da daraja. Masanin zamantakewa M.G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, ya rubuta cewa makaɗa da maroƙa na can ƙasa a jerin darajar sana'o'i.

Ba waƙar kanta aka raina ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da 'yarsa Nana Asma'u sun rubuta waƙoƙi, haka Sa'adu Zungur da Mu'azu Haɗeja da Aƙilu Aliyu, kuma babu mai kiransu maroƙa. Inda ake ja da baya shi ne ganga, da taron maza da mata, da miƙa hannu a karɓi kyauta. Malamai kuma sun daɗe da saɓani kan hukuncin kayan kiɗa, saɓanin da har gobe ake jin sa a wa'azi da shafukan sada zumunta.

Shata ya rayu har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa na dakta a 1988. Ya rasu a watan Yunin 1999 aka binne shi a Daura. Amma kalmar da mahaifinsa ya ji tsoro ba ta mutu ba. A gidajen Musulmi na Kakuri Hausa, Makera da Nasarawa, kamar sauran garuruwan Arewa, uban yarinya zai iya jin waƙar saurayi a waya ya ji daɗinta, amma ranar da aka zo neman aure ya tambaya: ban da waƙar, mece ce sana'arsa?

Waƙar Allah da waƙar duniya

Tun bayan rikicin shari'a na watan Fabrairun 2000 da na gasar sarauniyar kyau ta duniya a 2002, Kaduna ta rabu kusan gida biyu. Yawancin Kiristoci sun koma kudu da kogi, yawancin Musulmi arewa. Hausa ta ci gaba da zama harshen kasuwa da na titi a ɓangarorin biyu, kuma a kudu ita ce harshen ibada a majami'u da dama, inda Bajju, Atyap, Gbagyi, Ham, Adara da sauran ƙabilu ke haɗuwa.

A irin waɗannan gidaje ba a hana yaro kiɗa. Coci ce ma makarantarsa ta farko. A can yake fara taɓa ganga da fiyano, yana jin 'yan Zumuntar Mata suna rera waƙa da tulu da kacau-kacau, yana bin 'yan Sabon Rai. Uba na alfahari idan ɗansa ne ke kan fiyano ranar Lahadi.

Rigimar na tashi ne ranar da yaron ya ɗauki hannun da coci ta horar ya kai shi gidan rawa, ko ya naɗi waƙar soyayya, ko ta gambarar zamani. A nan ake raba waƙa biyu: ta Allah da ta duniya. Wannan ita ce ainihin rigimar The Jazz Singer, kusan shekara ɗari bayan fitowarsa, a wani addini da wata nahiya.

Fim ɗin Respect na 2021 ya nuna wani ɓangare na abin. Aretha Franklin 'yar wani shahararren fasto ce a Detroit, C.L. Franklin, kuma shi ya fara tsayar da ita a gaban jama'a tana ƙarama. Bai hana ta waƙar duniya ba, amma ya so ya riƙe linzamin: wane kamfani, wace waƙa, wane miji. Yaƙinta shi ne ta karɓi muryarta daga hannun wanda ya gano ta.

Tarihin Kaduna kansa na da ɗan malamin coci da ya bi hanyar kiɗa. Bala Miller, wanda aka haifa a 1928, ɗan wani rabaran ne Bahaushe mutumin Zariya. Ya kafa ƙungiyar Great Music Pirameeds of Afrika, ya yi zamani a Costain Club da ke Kaduna, ya haɗa kiɗan zamani da waƙar Hausa, ya horar da matasa da dama kafin rasuwarsa a 2003.

Tsoron da masaƙu suka bari

Bayan addini da sunan gida, akwai maganar tuwo. A kudancin Kaduna wannan magana na da tarihi da kowa ke gani da ido.

A Kakuri aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a 1957, United Nigerian Textiles ta biyo baya a 1964, ga Arewa Textiles, ga kamfanin haɗa motocin Peugeot da ya fara aiki a 1975. Dubban mutane suka baro ƙauyuka suka zauna a unguwannin da ke kewaye. Tsarin rayuwar da suka sani shi ne a yi makaranta, a samu takarda, a shiga aiki, a karɓi albashi ƙarshen wata.

Kaduna Textiles ta rufe a 2002, United Nigerian Textiles ta dakatar da aiki a 2007. Tsofaffin ma'aikatan Kaduna Textiles sun shafe shekaru suna bin haƙƙoƙinsu na sallama, wasu sun mutu ba su karɓa ba. Da yawa daga iyayen matasan da ke situdiyo a yau, ko kakanninsu, daga cikin waɗannan mutane suke.

Uban da ya ga aikin da ya ɗauka tabbas ne ya rushe a hannunsa ba ya son jin wata hanya da ba ta da ko alamar tabbas. Shi kuwa ɗan, abin da ya gani daban ne: ya ga takarda ba ta ceci babansa ba, ya ga yayyensa da digiri suna tuƙa Keke Napep. Kowannensu na kafa hujja da masaƙa ɗaya.

Fim ɗin Indiya Gully Boy na 2019 ya kama wannan sosai. Murad ɗan unguwar talakawa ta Dharavi ne a Mumbai, mahaifinsa direban wani mai kuɗi, wanda ya ƙara aure ya kawo amarya cikin ɗan ƙaramin gidansu. Da uban ya ji rauni, Murad ne ya karɓi tuƙin. Uban ya yi imani cewa talaka ya daidaita burinsa da matsayinsa, domin abin da rayuwa ta koya masa ke nan. Hausawa na cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Fim ɗin ya ƙara da cewa wani lokaci abin da babban ke hangowa raunin kansa ne.

Haka abin yake a I Can Only Imagine na 2018, kan Bart Millard na ƙungiyar waƙoƙin bishara ta MercyMe. Mahaifinsa tsohon ɗan ƙwallo ne da burinsa bai cika ba, ya koma huce haushi a kan iyalinsa. Ya tuba kafin ciwon daji ya kashe shi a 1991, kuma daga wannan rashi ne ɗan ya rubuta waƙar da aka sa wa fim ɗin sunanta.

Idan 'ya mace ce

Nauyin ya fi yawa a kan yarinya. Namiji idan ya yi waƙa a ce ya shagala. Mace idan ta yi, maganar aurenta da tarbiyyar gidansu ake tayarwa.

Secret Superstar labarin Insia ne, 'yar shekara 15 daga gidan Musulmi a Vadodara. Mahaifiyarta ta sayar da sarƙarta ta saya mata kwamfuta, yarinyar ta riƙa saka waƙoƙinta a YouTube sanye da niƙabi don kada uban ya gane. Uban mai dukan matarsa ne, ya kuma shirya kwashe iyalin zuwa Riyadh ya aurar da yarinyar. A filin jirgi, da ya ce a jefar da jitar saboda kaya sun yi yawa, a nan uwar ta tsaya ta ce a'a.

Rayuwa ta ƙara wa labarin wani babi. A 2019 Zaira Wasim, wadda ta fito a matsayin Insia, ta sanar da barin harkar fim, ta ce sana'ar na shiga tsakaninta da addininta. Ke nan ba kowane mai barin dandali ne aka tilasta wa ba, kuma ba kowane mai tsayawa ne ya yi watsi da gida ba.

Kaduna ta ga nata. A watan Oktoban 2016 ƙungiyar masu shirya fina-finan Hausa ta MOPPAN ta kori Rahama Sadau, haifaffiyar Kaduna, saboda fitowar da ta yi a bidiyon waƙar ClassiQ. Kowace uwa mai 'ya da ke son waƙa ko fim ta ga yadda aka yi ta ce-ce-ku-ce a kanta, kuma ta yi lissafi.

A nan ya kamata a raba abubuwa biyu da fina-finan ke yawan cakuɗawa. Uban da ke hana waƙa don tsoro daban, wanda ke dukan mata da 'ya'ya daban. Na farko ana zama da shi a yi magana. Na biyu laifi yake aikatawa, kuma Jihar Kaduna na da dokar hana cin zarafin mutane tun 2018. Tarihin waƙa na da misalin inda irin wannan gida ke kaiwa: a ranar 1 ga Afrilun 1984 mahaifin Marvin Gaye, wanda mai wa'azi ne, ya harbe ɗansa har lahira a Los Angeles, ana gobe zai cika shekara 45.

Inda fina-finan ke kau da kai

Kusan duka waɗannan fina-finai hanya ɗaya suke bi su sasanta gida. Yaro ya yi nasara, zaure ya cika, ana tafi, sai kyamara ta nemo uba ko uwa a cikin taro da hawaye. An yafe, an rufe labule.

Matsalar ita ce wannan sulhu da ɗaukaka aka saye shi. An yi fim kan Johnny Cash da Aretha Franklin ne saboda sun zama abin da suka zama. Ba a yin fim kan wanda ya shekara goma yana biyan kuɗin situdiyo da kuɗin aikin gini, waƙarsa ba ta wuce unguwa ba, ya dawo gida yana ɗan shekara talatin da wani abu, ya tarar uban ya tsufa kuma maganarsa ta tabbata. A kowace unguwa irin waɗannan sun fi yawa nesa ba kusa ba.

Kaduna ta fitar da waɗanda suka tsallake. Skales a Kaduna ya taso a hannun mahaifiyarsa ita kaɗai, kafin waƙarsa Shake Body ta karaɗe Najeriya a 2014. DJ AB da abokansa na YNS sun kai gambarar Hausa wuraren da ba ta taɓa zuwa ba. Matashi na ganin su ya ce me zai hana ni. Uba na ganin sauran ɗaruruwan da ba a san sunansu ba. Dukkansu gaskiya suke gani.

Akwai kuma abin da fina-finan ƙasashen waje ba su da shi, wanda gidan Arewa ke da shi: masu shiga tsakani. A fim ɗin Amurka ɗa da uba ne ke fuskantar juna a falo. A Kaduna maganar ba ta tafiya haka. Yaro ba ya ɗaga ido ya mayar wa mahaifinsa magana. Gwaggo ake samu, ko kawu, ko aminin uba, ko liman, ko fasto da dattawan coci. Ta bakinsu ake ƙulla yarjejeniyar da ta riƙe gidaje da yawa: ka gama makaranta tukuna, ka riƙe wata sana'a a hannu, kada ka zagi kowa a waƙa, kada a ga abin kunya a bidiyo. Abin da yaron ke nema a ƙarshe shi ne a sa masa albarka, kuma wannan ba ya zuwa da yawan masu kallo a YouTube.

Labarin da ke jiran mai ɗauka

Abin mamaki, masana'antar da waƙa ta gina ba kasafai take ba da labarin mawaƙi ba. Tun daga Sangaya a wajajen 2000, waƙa ce ke sayar da fim ɗin Hausa, amma mai muryar na ɓoye a situdiyo, jarumi ne ke motsa baki a gaban kyamara.

Wasu mawaƙan sun fito fili sun zama jarumai. Adam A. Zango, ɗan Zangon Kataf da ya kafa harkarsa a Kaduna, ya haɗa waƙa da fim. Umar M. Shareef na Rigasa ya fito a Mansoor na Ali Nuhu a 2017, labarin saurayin da ya fita neman mahaifinsa na asali. Jigon uba da ɗa na nan, mawaƙin ma na nan, saura a haɗa su a labari ɗaya a kalli sana'ar kanta.

Yarabawa sun nuna ana iyawa. A 2021 Tunde Kelani ya fitar da Ayinla, kan mawaƙin apala na Abeokuta Ayinla Omowura, wanda manajansa ya kashe a wata rigima a 1980. Fim ɗin bai wanke mawaƙin ba, ya nuna zafin ransa da baiwarsa tare, kuma jama'a sun je sun kalla.

Kayan aiki a Arewa ba su yi ƙaranci ba. Akwai littafin Shata Ikon Allah na Ibrahim Sheme da abokan aikinsa, wanda ya fito a 2006. Akwai Ɗanmaraya, wanda ya rasa iyayensa yana ƙarami, sarkin Bukuru ya riƙe shi, ya kuma shafe rayuwarsa yana waƙa da kuntigi kan zaman aure da auren dole har rasuwarsa a 2015. Akwai Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta riƙe kiɗan amada har ta rasu a 2013. Akwai Bala Miller. Kaduna na da bikin baje kolin fina-finai na ƙasa da ƙasa tun 2018, ga matasa masu kyamara a ɓangarorin kogin biyu.

Fim ɗin da zai dace da Kakuri ko Sabon Tasha sai ya ba uban hujjarsa cikakkiya, ya nuna katin aikinsa na masaƙa da ya ajiye a akwati. Sai ya nuna uwar da ke rage kuɗin cefane ta biya situdiyo, da gwaggon da ake aikawa da magana. Sai kuma ya yi ƙarfin halin tambayar abin da zai faru idan zauren bai cika ba.

Mdou Moctar a yau yana zagaya Turai da Amurka da jitarsa, kundinsa Afrique Victime na 2021 ya samu yabo a manyan jaridun duniya. Lokacin da yake ɗaure wayar birki a jikin katako, babu wanda ya san haka za ta kasance, har shi kansa. A wannan matsayi mafi yawan gidajen kudancin Kaduna suke yau da dare: yaro da waƙar da bai gama ba a cikin waya, uba a tsakar gida yana jiran a kawo wuta, kowannensu yana jiran ɗayan ya fara magana.